Kamar An Tsaga Kara

Talata ce, an dawo daga tara.
A ajinmu na bayan Ƙofar Sauri
fanka ta mutu tun bara.
Na zana alwatika biyu a allo,
ɗaya a tsaye, ɗaya ta kishingiɗa.
Na ce, "Wa zai yarda ɗaya suke?"

Nafi'u ya ce ta dama ta fi ƙiba.
Na ce masa ido ba mudu ba ne.
Ya ce, "Amma ya san ƙima, Malam."
Aji ya ɗauka. Na bar su suka gama.

Sai na zaro kwalin taliya daga jaka,
da almakashin matata, wanda ba ta san na ɗauko ba.
Na yanka biyu. Na juya ɗaya,
na kifa ta, na ɗora kan 'yar'uwarta:
gefe ya hau gefe,
kusurwa ta shige cikin kusurwa,
babu kunnen da ya leƙo.
Biyu suka koma ɗaya a hannuna.

Na ce, "Ku lura, kama da wane ba ta wane.
Hotonka na kati yana kama da kai,
amma ba zai cika rigarka ba.
Abin da muke nema sai an tsaga kara."

Barira, wadda ba ta magana sai an kira suna,
ta ce, "Babanmu bulo yake bugawa.
Akwati ɗaya, bulo ɗari uku kafin azahar.
Wanda ya karkace, shi da kansa yake take shi."
Na miƙa mata alli. Ta fi ni bayani.

Saura minti biyar, na ce kowa ya haɗa tafukansa,
ya ga misalin da ya zo da shi daga gida.
Hannuwa sittin da biyu suka rufe juna.

Can layin baya Sagir ya ɗaga nasa.
Injin markaɗe ya ci rabin ɗan'alinsa na hagu
tun yana aji uku na firamare.
"Malam, nawa fa?"
Ba kuka a muryarsa. Tambaya ce kawai,
irin ta mai son ya ci jarrabawa.

Na duba allo. Ka'idoji huɗu na rubuta.
Babu wadda ta san da shi.

Ƙararrawa ta buga.
Na ce, "Gobe za mu ɗora."
Har yanzu kwalin yana aljihuna,
matata kuma tana cigiyar almakashi.