Mai Tayar da Mota

Shekara goma sha ɗaya aikina guda ne:
in fito da sassafe, in kankare ƙanƙara daga gilashi,
in zauna a kujerar Cosimo Lanzafame,
in murɗa makulli.
Shi yana bayan labulen kicin, riƙe da kofin gahawa,
yana jira ya ga ko ina da rabon karin kumallo.
In injin ya yi tari ya kama, sai ya ɗaga mini yatsa biyu.
Dala ashirin a mako, da kwat ɗin da ya gaji da sawa.

Youngstown ke nan, inda sama ke yin ja da dare
don wutar masana'antar ƙarfe,
inda kowa ya ga komai, ba wanda ya ga kowa.

Shi da Saverio jirgi ɗaya ya kwaso su daga Sisili,
bargo ɗaya, kwarkwata ɗaya.
Saverio ne ya riƙe ɗan Cosimo a coci
ranar da aka zuba masa ruwa aka ce Dario.
Abin da ya raba su, in na faɗa sai ka yi dariya:
injinan sayar da sigari guda tara
a mashayun bakin kogi.
Tara. Ni na ƙirga su. Ɗaya ma ba ya aiki.

Daga nan muka koma sa baƙin kaya kamar na aiki.
Wanda ya kashe, shi ke aiko da furanni mafi tsada,
har mai shagon furanni ya sayi gida na biyu.
Mata suna kuka, maza suna ƙirga wanda bai zo ba.

Wata Asabar a gidan burodi
Tullio ya tsaya kusa da ni, bai dube ni ba.
Ya ce, Ercole, ba mu ce ka yi komai ba.
Ranar Talata haƙorinka zai yi ciwo, shi ke nan.
Ambulan ɗin ya fi burodin ɗumi a aljihuna.

Kada ka nema mini uzuri.
Ba ni da uwa a asibiti, ba a bi na bashi.
So na yi in wayi gari sau ɗaya
ban yi wa ƙafafuna sallama ba.

A makon ne Dario ya sami lasin tuƙi.
Shekara sha shida, gashin baki bai gama shawara ba.
An ce cewa ya yi, Baba, bari ni in tayar.

Layi takwas ne tsakaninmu.
Cokali ya yi rawa a cikin kofina.

Bayan an rufe abin da aka iya tattarawa
Cosimo ya tallabi fuskata da hannu biyu,
ya ce, kai dai Allah ya so ka, haƙori ya cece ka.
Da kansa ya kai ni wurin likita, ya biya.
Na buɗe baki, na nuna wani lafiyayye,
aka cire.

Saverio bai kai Ista ba.
Tullio ya riga shi, a but ɗin motar haya.
Cosimo ya tsufa a kurkuku yana aiko mini da kati duk Kirsimeti.
Injinan nan tara, 'yan gwangwan suka saye a kilo.

Yanzu ina da tamanin da ɗaya, ƙafa nake tafiya ko'ina.
Ƙofata ba ta da makulli, maƙwabta na cewa ruɗewar tsufa ce.
Kuɗin na nan cikin gwangwanin gahawa, ko dala ban taɓa ba.
Da asuba, kafin in tuna sunana,
harshena ya riga ni zuwa wurin giɓin.