Irin da Aka Rina Ja

Motar ta zo ran Laraba da rana tsaka,
tana tari a hawan dutsen Geralta.
Mun san ƙarar mota.
Shekara biyu, in an ji ta, sai kogo.
Wannan karon yara suka fara fita,
mu manya muka laɓe bayan katanga muna ƙirga tayoyi.

Wani saurayi ya buɗe littafi a kan gwiwarsa.
"Abrehet Gebrekidan, mutum nawa a gidanki?"
Na ce bakwai.
Bakina ne ya faɗa, bai shawarce ni ba.
Hadush a bayana ya yi gyaran murya.
Na ce, rubuta huɗu.
Yaron ya soke, bai ɗago kai ba,
kuma na gode masa da hakan.

Buhu guda na ci, rabin buhu na shuka.
Alkamar shukar an rina ta ja,
wai magani ne, kada a kai ta baki.
Ja wur, irin abin da muka wanke a dakalin makaranta.
Na yi matashin kai da ita a daren.
Jikata Tirhas ta ce, "Kaka, in an wanke fa?"
Na ce, yi barci.
Ni ma na yi wannan lissafin
sau uku kafin zakara ya yi cara.

Sojoji sun yanka mini sa ɗaya, sun bar ɗaya,
ba don tausayi ba, tukunyarsu ce ta cika.
Hadush ma ɗaya ya rage masa, mai karyayyen ƙaho.
Shekara goma sha ɗaya ba ma gaisawa
a kan taku uku na iyakar gona.
Da asuba sai ga shi a ƙofa, karkiya a kafaɗa.
Bai ce ina kwana ba.
Ya ce, "Garma ba ta tafiya da sa guda."

Masu sandar ƙarfe sun riga mu shiga gonar,
a duƙe, kamar masu neman allura.
Inda sandar ta yi kuka, sai su kafa jan dutse.
Taku ukun nan da muka ɓata a kansu,
can jan dutsen ya zauna.
Muka dubi wurin, muka dubi juna,
muka karkata shanun.

Famfon gari kuwa, ashe abin da ya kashe shi
zoben roba ne, bai kai tafin jariri ba.
Wata ashirin muna shan kududdufi saboda zoben roba!
Yarinya ce ta gyara, Mihret, sifana a aljihun siket.
Ruwan ya fito da tsatsa, ya yi kaki, sannan ya washe.
Tsohuwa Letay ta ɗauki guɗa,
muryar ta karye mata a tsakiya.
Ba wanda ya ƙarasa mata.

Ɗakin shan magani ba ƙofa, an yi makamashi da ita.
Nas ta rataya bargo.
Ta naɗa wa Tirhas ɗan ma'auni a damtse,
mai ja, da rawaya, da kore.
Ya tsaya a rawaya.
Ta ce, "Ki dawo da ita bayan girbi, mu gani."
Bayan girbi.
Na daɗe ban ji an yi mini alkawari da nisa haka ba.

Na watsa irin ran da hadari ya haɗo daga kudu.
Kwana huɗu jan bai bar tafina ba.
Na goge da toka, na goge da yashi,
daga baya na ƙyale shi.

Saurayin ya dawo da littafinsa jiya,
wai tallafin ya wadatar?
Na ce, ɗana, tambayi sama, ita ce ba ta sa hannu ba tukuna.
Amma na kai shi bayan gida ya gani:
abin da na binne ja, ya fito kore,
bai kai tsawon yatsa ba.

Na wanke tulun da zan ajiye irin baɗi,
nawa na kaina, wanda ba a rina ba.
Abu ɗaya ne ban gaya masa ba.
In na zauna gasa injera da yamma,
har yau hannuna na mutum bakwai yake ɗiba,
sai in mayar da saura cikin ƙwarya.