Goggo

Shekara goma sha ɗaya tana durƙushe
gindin dogonyaro a gidanmu na Mabera,
kaji na saka ƙwai a kujerar direba.
Goggo muke ce mata.
Landiroba ce, ta girme ni da damina biyu.

Da ita Baba ya bi rugage yana yi wa shanu allura,
Binji, Tangaza, har bakin iyaka.
Inda dare ya riske shi, nan ne gida.
Ya tafi ya bar mana ita
da wata taswira da gumi ya ci kusurwarta.

Ran da na jawo ta da igiya zuwa garejin Buzaye,
Arzika ya zagaya ta sau uku
kamar mai taya sa a kara,
ya leƙa ƙarƙashi, ya kaɗe gwiwa:
"Malam, wagga ba mota ta ba, amana ta.
Amma ƙashinta na da kyau."

Sai muka bi ƙashin.
Lagireto daga Kano,
sifirin na wata 'yar'uwarta da ta mutu a Illela,
kuloci sau biyu, don na farkon maƙaryaci ne.
Muka ɗaga cikinta taƙi guda daga ƙasa,
muka sa mata tayu masu haƙora,
muka miƙa mata hanci har saman gilashi
don ta sha iska ko ruwa ya kai mata wuya.

Labbo mai walda ya ɗinka mata kariya a ka,
tsani a baya, mazaunin shebur a haƙarƙari.
Jarka huɗu, biyu mai, biyu ruwa,
na shafa wa na man jan fenti
don ƙishirwa ba ta iya karatu.
Faifan sola, batir na biyu, ƙwai ɗaya mai farin haske.
Kulu ce ta ɗinka tantin,
keke na tafiya, baki na tafiya:
"Kuɗin rufin ɗakina ne kake yi wa ƙarfe kwalliya."
Amma ita ta ƙara gidan sauro a ƙofa,
ba wanda ya roƙe ta.

Wata bakwai. Ran wata Laraba Goggo ta yi tari,
ta sake tari, ta yi gyaran murya,
yaran gareji suka sa ihu kamar an ci ƙwallo.

Na shimfiɗa taswirar Baba a kan bonet.
Arzika ya ɗora yatsa mai baƙin mai:
"Nan ba a zuwa yanzu.
Nan ma.
Nan kau, ko da rana tsaka."
Kowane tambarin yatsa daji ne da aka ƙwace mana.
Da ya ɗauke hannu
abin da ya rage bai fi tafin jariri ba.

Can muka je. Bakin Rima, bayan Dundaye,
tafiyar da ko jaki ba zai yi fahari da ita ba.
Duk da haka yashi ya kama mu har cibiya.
Na rage iskar tayu, na sa ƙaramar giya,
masu albasa uku suka turo suna dariya,
Goggo ta yi gurnani ta fito tana watsa musu ƙasa.

Da dare Kulu ta dafa shayi a murfin baya.
Inji na hucewa, ƙas, ƙas, kamar mai jan carbi.
Inno ta kwanta rigingine a kan kariya,
ta ce in kashe ƙwan sola, yana ɓata mata sama.
Na kashe.
Kwaɗi suka karɓe zancen.

Jarkokin man nan biyu ban buɗe su ba.
Suna nan cike, a ɗaure.
Duk Juma'a nakan duba murfinsu,
in tada Goggo, in bar ta ta ɗumama,
hancinta na kallon arewa.