Fitila Mai Jan Ƙyalle

Bayan isha'i, a bakin tafkin Madarunfa,
fitilu kan hau ruwa ɗaya bayan ɗaya.
Taka na sani, Tankari,
ita ce mai jan ƙyalle a wuya,
guntun zanena da wanki ya cinye.

Da aci-balbal mahaifinka ya yi su,
gwangwanin madara da lagwani,
iska na tari, sai lalube.
Taka kuwa wuni take kan danga tana shan rana,
dare ya yi ta biya bashi.

Rigar ceton nan mai ruwan lemo,
jika bakwai na ƙirga a babbar kasuwar Maradi,
kwasar adashi, kuɗin bandar tarwaɗa
da hayaƙinta ya jiƙa mini ido wata uku.
Ka juya ta, ka ja igiyar usur ɗin, ka yi dariya:
"Habsu, yaushe aka fara ɗinka wa kifi riga?"
Ta zama matashin kanka a gindin kuka,
ta zama mazaunin Nomau in katako ya yi sanyi.

Sai daren nan na tsakar damina.
Hadari ya taso daga gabas bai yi sallama ba.
Jirage suka yi ta fitowa, ina ƙirga su da baki,
tara, goma, sha ɗaya.
Jan ƙyalle ya yi sama, ya yi ƙasa,
sannan babu.

Ban yi kuka ba, kunne na kasa.
Ƙarƙashin rugugi, can wajen tsibiri,
wata 'yar ƙara siririya kamar ta tsako,
ta tsaya, ta sake.
Arzika da ƙannensa suka bi ta da filafili.

Sun tarar da yaron, rigar ɗaure har haɓa,
ƙulli uku irin naka,
usur a bakinsa, haƙora na kaɗawa.
Kai kana gefe, rungume da jarkar mai,
birgi ya tafi, karfasa ta koma gida.

Ba mu sake tada zancen ba.
Shekaranjiya dai, ina hura wutar banda,
ka tsaya a bayana kana gyaran murya.
Ka ce fitila za a saya, wannan ba shawara.
Ka ɗan jima, kana duban ruwa:
"Mai rigunan nan, wane layi yake a kasuwa?
Yana da babba?"