Babban Yatsa Mai Neman Aiki

Ƙarfe huɗu na asuba a Blagnac,
iska na jijjiga ƙofar rumfa,
ni kuwa ina cikin wani farin akwati
mai ƙafafu shida na ƙarfe,
akwatin da bai taɓa barin ƙasa ba
amma ya faɗo daga sama sau dubu.

Shekara ashirin da bakwai
ina tuƙa jirage masu jijiya.
In na ja, igiyar ƙarfe ta ja,
tun daga tafina har wutsiya,
iska ta mayar mini da martani a kafaɗa.
In hanci ya yi nauyi ba sai an gaya mini ba:
babban yatsa ya latsa, gargare ya juya,
nauyin ya narke kamar man shanu a kasko.

Yau an ba ni wani ɗan mariƙi a hagu,
bai kai ƙotar wuƙar burodi ba.
Maïté Larroque na zaune a bayana,
da kaɗan ta girmi lasisina.
"Ɗaga hanci digiri biyar, Kyaftin Cazaubon.
To, saki."
"In saki?"
"Saki."

Na saki.
Hancin ya zauna inda na ajiye shi
kamar kofi a kan tebur.
Gargaren da ke gefen gwiwata
ya motsa shi kaɗai, ba ko sallama.

Ta ce, "Ba wutsiya kake ja ba, saƙo kake aikawa.
Waya ta ɗauki maganarka,
kwamfuta ta auna ta da gudu, da nauyi, da halin iska,
sannan ta san yadda za ta lanƙwasa baya.
Kai dai faɗi inda ka dosa.
Daidaitawa aikinta ne."

Kunnena ya ji, yatsana bai ji ba.
Yana ta lalube a kan mariƙi,
yana neman maɓallin da babu,
kamar harshe a gurbin haƙori.
Sabo turken wawa.
Na ƙara wuta, na jira hanci ya yi tsalle.
Ko gezau.
Haushi ya sa na ja har ƙarshe,
ya ɗaga, ya ɗaga, ya kai wata iyaka
ya tsaya cak.
Jirgi ne yau yake ce mini a'a,
cikin ladabi kuma, abin da ya fi ciwo.

Sai na ji ta taɓa allonta.
Ƙararrawa. Rubutu ruwan goro.
"Kwamfutocinka sun kwanta," in ji ta.
"Abin da ka ja shi za ka samu.
Daidaita da hannu."

Hancin ya fara sunkuyawa
wajen fitilun Toulouse na ƙarya.
Hagu ta riƙe shi,
dama ta tafi ba tare da ta nemi izinina ba,
ta sami gargaren a cikin duhu
kamar mai komawa gidan da aka haife shi.
Kaɗan baya. Dakata. Saurara.
Kaɗan kuma.
Na sassauta hagu, bai sunkuya ba.

Muka sauka a titin da babu shi,
cikin ruwan saman da bai jiƙa kowa ba,
rigata kuwa sharkaf.

Ba ta yaba ba. Ta dai daɗe tana rubutu.
"Da tsohuwar zuma ake magani," ta ce,
"amma ba a shan magani kullum.
Gobe kwamfuta za ta farka,
kuma za ka saki."

A waje gari ya fara wayewa a kan Garonne.
Wani jirgin gaske ya tashi, ya ɗaga hanci,
ya riƙe shi ba rawa.
Na tsaya da makullin mota a hannu ina kallo,
babban yatsana a cikin aljihu
yana latsa tsabar kuɗi.