Matakala Ɗari da Sittin

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke rataye kamar shanya,
akwai ɗakin katako mai taga ɗaya.
Nan Herminia Quilodrán ke koyar da rawa.

Ranar farko na zo da sabon takalmi.
Ta dube shi, ta dube ni,
ta ce, "Cire. Gangara bakin teku,
ka biyo mai ɗauke da kaya zuwa sama.
Kar ka dawo sai ka gano inda nauyi ke zama."

Na bi wata tsohuwa mai kwandon kifi.
Matakala ɗari da sittin na ƙirga.
A ta arba'in ta sauya kafaɗa,
a ta casa'in ta dafa bango mai shuɗin fenti,
ƙugunta ya karkata
kamar kwale-kwalen da igiyar ruwa ta taɓa,
ta ja numfashi biyu, ta ci gaba da hawa.

Na koma ina haki. Ta ce, "Nuna mini."
Na ce, "Ai babu kiɗa."
Ta ce, "Ita tsohuwar da makaɗi ta hau?"

Madubin ɗakin an lulluɓe shi
da tsohon tamfol na masunta.
In ji Herminia, madubi maroƙi ne,
abin da kake son ji shi yake faɗa.
Gwiwarta ta hagu ta daina lanƙwasa
shekara goma sha tara ke nan,
a kan kujera take, da cokalin shayi
tana ƙwanƙwasa kofi in mun yi gaggawa.

Ba ta zuwa da rawa a aljihu.
Tsinta take yi.
Daga Baltasar, lebura a tashar jiragen ruwa,
ta ɗauki yadda ake jan igiya da baya.
Fresia tana ɗingishi tun haihuwa,
wata uku tana ɓoye shi a ƙarƙashin siket.
Herminia ta ajiye cokali ta ce,
"Mu duka mu koyi tafiyar Fresia."
Mako biyu muka yi, ba wanda ya iya.

Ni kuwa kullum a juyi na uku nake tuntuɓe.
Na ba da haƙuri har na gaji.
Ta ce, "Bar shi nan, naka ne.
Gobe ka yi shi da gangan, a daidai wurin."

Wata Laraba ƙasa ta girgiza,
fitila na lilo, kofi ya faɗi ya fashe.
Muka daskare.
Da ta lafa, ta ce, "Kun ga gwiwoyinku?
Abin da nake roƙo tun Afrilu
ga shi ƙasa ta koya muku a daƙiƙa bakwai."

Ba mu hau dandamali ba.
A kan matakalar muka yi, da yamma,
mu tara, ba takalmi, maƙwabta na leƙe ta taga.
Ina ta casa'in, hannuna a shuɗin bango,
ƙuguna a karkace,
sai ga ƙarnin kifi a bayana.

Tsohuwar ce, da kwandonta.
Ta dube ni sama da ƙasa,
ta ce, "Yaro, in ka gama hutawa,
matsa mini, kifina zai lalace."