Makullin Kowa

Ƙarfe tara, Gombe ta fara gyangyaɗi,
ni da sabar asibiti muna gadin juna.
Janareta na tari a bayan taga.

Waya ta yi ƙara. Kawu Bappayo:
"Yaron da zan ba amanar shagona,
an gan shi layin gwajin jini ran Laraba.
Ɗan leƙa mana. Ai kai namu ne."

Haruffa tara ne tsakanina da cikin mutum,
yatsuna sun haddace su.
Kawun nan ya sayar da bijimi a Kumo
ya biya mini karatu.
Yau ya zo karɓar ƙahonsa.

Na dubi allo, allo ya dube ni.
Na ce, "Kawu, netwok ya ɗauke."
Ƙarya ce, Allah ya gani.
Na hau ƙarama don in tsallake babba.

Da asuba, a ɗakin magani,
na tarar da kalmar sirrin Sista Rifkatu
manne a bango, da jan biro,
kusa da lambar mai kawo ƙosai.

Na ɓare takardar, na cusa aljihu.
Ta fi makullin nauyi.